Alhawarizmi: malamin Bagadaza da ya koya wa duniya cika murabba'i

Duk wanda ya zauna a ajin lise a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san ranar da malamin lissafi ya cika allo da x², ya zana alamar delta, ya ce a haddace. Da yawa daga cikinmu mun haddace kamar yadda aka ce. Wasu suka haye jarrabawar bak da wannan hadda, wasu kuma tun daga nan suka yanke ƙauna da lissafi, suna ganin abin nasaru ne da ba shi da haɗi da rayuwarsu. Ni kaina sai da na gama jami'a na kama aikin jarida sannan na san cewa dabarar da ke ƙarƙashin wannan hadda an tsara ta ne da Larabci a Bagadaza kimanin shekaru 1,200 da suka wuce, kuma alƙalai da ƴan kasuwa da masu rabon gado ne marubucin ya yi wa littafin.

Sunansa Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi, wanda littattafan Faransanci ke rubutawa Al-Khwarizmi. Daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljabara. Daga sunansa shi kansa kuma aka samo algoritim, kalmar da yau ake ji a bakin matasa idan suna hirar Facebook da TikTok.

Daga Hawarizm zuwa Bagadaza

An haife shi wajen shekarar 780 miladiyya, cikin ƙarni na 2 na hijira. Laƙabinsa na nuna asalinsa. Hawarizm yanki ne na noman ban ruwa a bakin kogin Jaihun, wanda yau ake kira Amu Dariya, kudu da tekun Aral, a tsakanin ƙasashen Uzbekistan da Turkmenistan. Yankin nan ne daga baya ya fitar da Albiruni masanin taurari, da Zamakshari mai tafsirin Kasshaf da malamanmu suka sani. Ibnu Nadim, mai sayar da littattafai a Bagadaza wanda ya tattara sunayen marubuta a littafinsa Fihrist wajen shekarar 987, ya ambaci wannan asali nasa, ya ƙara da cewa ya keɓe kansa ga aiki a taskar littattafan halifa Ma'amun.

Bagadazar da ya yi rayuwa a cikinta sabon birni ce. Halifa Mansur na daular Abbasiyawa ya kafa ta a 762, kuma kafin ƙarshen mulkin Haruna Rashid a 809 ta shiga sahun biranen da suka fi girma a duniya. A wannan tsakanin ne sana'ar yin takarda ta iso birnin daga gabas, littafi ya yi sauƙi fiye da lokacin da ake rubutu a fata. Fadar halifa da attajirai suna biyan masu fassara su juyo littattafan Girkawa, Farisawa da Indiyawa zuwa Larabci. Littafin Uklidis na awon siffofi an fassara shi a zamanin Haruna, aka sake gyara fassarar a zamanin ɗansa Ma'amun.

Ma'amun ya hau mulki a 813 bayan yaƙin da ya yi da ɗan'uwansa Amin, amma ya zauna a birnin Marwa da ke Hurasan, sai a 819 ya shigo Bagadaza. Daular da ya riƙe ta miƙe daga arewacin Afirka har iyakar Indiya, kuma irin wannan daula ba ta tafiya sai da masu lissafi. Akwai harajin gonaki da sai an auna fili, akwai albashin sojoji, akwai magudanun ruwan Dijla da Furatu da ake haƙawa, ga lokutan salla da alƙibla na garuruwa masu nisa da juna. A cikin wannan yanayi ne Alhawarizmi ya yi aiki a Baitul Hikma, wato gidan littattafai da bincike na fada.

Littafin ɗori da muƙabala

Wajen shekarar 820 ya rubuta littafin da ya fi shahara da shi, Almuhtasar fi Hisabil Jabri wal Muƙabala, ya sadaukar da shi ga Ma'amun. A gabatarwa ya bayyana cewa ya taƙaita ne a kan abin da mutane ke buƙata kullum wajen gado, wasiyya, rabon dukiya, shari'a, ciniki, awon gonaki da haƙar magudanai.

Kalmomi biyun da ke cikin sunan littafin ba baƙi ba ne ga Bahaushe. Jabru a Larabci shi ne ɗori, irin wanda mai ɗori ke yi wa karyayyen ƙashi. A lissafi, idan wani ɓangaren ma'auni ya samu gibi saboda an ɗebe wani abu daga cikinsa, sai a ƙara wannan abin a ɓangarorin biyu, gibin ya cike. Muƙabala kuwa mun san ta a tsakanin malamai, inda ake zama gaba da gaba. A lissafi ita ce a gwada ɓangarorin biyu, abin da ya yi kama a nan da can a soke shi, a bar saura.

Babu x ko y a littafin, babu alamar tarawa ko ta ɗebewa, ko lambobin ma da kalmomi ya rubuta su. Abin da ake nema ya kira shi shai'u, wato abu, ko jizru, wato saiwa. Idan aka ninka abin da kansa ya kira shi malu, wato dukiya. Lambar da aka sani kuma sau da yawa dirhami yake ce mata. Da waɗannan uku ya nuna cewa duk wata matsala ta irin wannan lissafi, komai rikicewarta, tana komawa ɗaya daga cikin siffofi 6: dukiya daidai da saiwoyi, dukiya daidai da lamba, saiwoyi daidai da lamba, dukiya da saiwoyi daidai da lamba, dukiya da lamba daidai da saiwoyi, sai saiwoyi da lamba daidai da dukiya. Dalilin da ya sa suka kai 6, alhali ɗalibin yau siffa ɗaya ake ba shi, shi ne bai yi aiki da lambobin da ke ƙasa da sifiri ba. Dole kowane abu ya zauna a ɓangaren da zai zama ƙari.

Ga misali ɗaya daga cikin nasa. An raba 10 gida biyu, an ninka kowane kashi da kansa, an tara, an samu 58. Idan kashi ɗaya abu ne, ɗayan 10 ne ba abu. A rubutun yau lissafin zai ba da 2x² + 100 − 20x = 58. Sai a yi ɗori, a ƙara 20x a ɓangarorin biyu: 2x² + 100 = 58 + 20x. A raba komai biyu don dukiya ta koma ɗaya: x² + 50 = 29 + 10x. Sai muƙabala, a soke 29 nan da can: x² + 21 = 10x. An iso siffa ta biyar ke nan, kuma amsarta 3 da 7. Mai karatu na iya gwadawa, 9 da 49 sun ba da 58.

Yadda ake cika murabba'i

Misalin da ya fi yawo a duniya daga littafin shi ne wannan: dukiya ɗaya da saiwoyinta 10 sun yi daidai da dirhami 39, wato x² + 10x = 39. Hanyar da ya bayar gajera ce. A raba 10 biyu a samu 5. A ninka 5 da kanta a samu 25. A tara da 39 a samu 64. Saiwar 64 ita ce 8. A ɗebe 5 ɗin nan, saura 3. Ita ce amsa.

Da nan ya tsaya, da hadda kawai ya bari. Amma ya ɗauki alƙalami ya zana dalili, domin gani ya kori ji. Mai karatu, ka ɗauka kana da fili murabba'i, tsawonsa da faɗinsa ɗaya, ba ka san mita nawa ne gefensa ba. Kana kuma da wani zirin fili mai faɗin mita 10, tsawonsa daidai da gefen na farkon. Abin da ka sani shi ne su biyun a haɗe murabba'in mita 39 ne. Sai ka tsaga zirin gida biyu, kowane mai faɗin mita 5. Ka jingina ɗaya a gabashin filin, ɗaya a kudancinsa. Yanzu siffar ta kusa zama babban murabba'i, sai dai akwai gibi a kusurwar kudu maso gabas, mita 5 a mita 5, wato 25. Ka ara wannan kusurwa ka cike gibin. Babban murabba'in ya zama 39 da 25, wato 64, saboda haka gefensa mita 8 ne. A cikin 8 ɗin nan 5 na zirin da ka jingina ne, saura 3, shi ne gefen filinka na asali. Murabba'in 3 shi ne 9, zirin kuma 30, jimla 39.

Wannan shi ne cika murabba'i. Abin da malaman lise ke kira forme canonique da Faransanci shi ne wannan zane aka mai da haruffa, (x + 5)² = 64, kuma delta da muka haddace daga cikinsa ta fito. Alhawarizmi ya ba da wani zane ma, inda ya raba zirin gida 4 masu faɗin 2 da rabi ya kewaye filin da su, kusurwoyi 4 suka rage, kowace 6 da kwata, jimlarsu ta sake ba da 25.

Gaskiyar tarihi ita ce ba shi ya fara gano wannan dabara ba. Marubutan Babila a ƙasar Iraƙi ta dā suna warware irin waɗannan matsaloli a kan allunan yumɓu fiye da shekaru 2,000 kafin haihuwarsa, Girkawa suna da zanen da ya yi kama da nasa, kuma Brahmagupta na Indiya ya rubuta ƙa'idarsa a 628. Abin da Alhawarizmi ya kawo shi ne tsari. Na gabansa matsala suke ɗauka su warware, su ɗauki wata. Shi kuwa ya fara da jera dukkan siffofin da matsala za ta iya ɗauka, ya ba kowace hanyarta, ya kafa hujja a kan hanyar, sannan ya kawo misalai. Daga nan aljabara ta zama fanni mai sunanta da ƙa'idojinta, wanda malami zai iya koyarwa daga farko har ƙarshe.

Kusan rabin littafin gado ne

Bayan babin ciniki da babin awon fili, inda ya ba da 3 da ɗaya bisa 7 a matsayin ma'aunin da'ira na aikin yau da kullum, sauran littafin, kusan rabinsa, a kan wasiyya da gado yake. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san inda gizo ke saƙa. Rabon magada a bayyane yake, amma da zarar wasiyya da bashi sun shigo, lissafi ya kan cuɗe, zumunci ya shiga haɗari.

Misalin da ya buɗe babin da shi na wani mutum ne da ya rasu ya bar ƴaƴa maza biyu, ya yi wasiyyar sulusin dukiyarsa ga wani bare. Ya bar dirhami 10 a hannu, kuma yana bin ɗaya daga cikin ƴaƴan bashin dirhami 10. Alhawarizmi ya kira abin da za a lissafa daga cikin bashin abu, wanda zai yi daidai da rabon ɗan da ake bi. Dukiya ta zama 10 da abu. Idan aka fitar da sulusi, abin da ya rage shi ne rabon ƴaƴa biyu, wato abu biyu. Ɗori da muƙabala suka nuna abin 5 ne. Ke nan ana lissafi a kan 15: mai wasiyya ya ɗauki 5, ɗan da ba a bin sa ya ɗauki 5, wanda ake bi kuma rabonsa na 5 yana cikin bashin da ke hannunsa.

Irin waɗannan misalai ya jero da yawa, har da masu sarƙaƙiya kan kyautar da mutum ya yi yana cikin ciwon ajali da ƴanta bayi, yana ambaton ra'ayin Imam Abu Hanifa a wasu wurare. Duk malamin da ke raba gado a zaurukanmu, ko da a mazhabar Malikiyya yake yi, zai gane irin tambayoyin da suka dami wannan mutum.

Lambobin Indiya da sifiri

Bayan aljabara ya rubuta wani littafi a kan lissafin Indiyawa, wato rubuta kowane adadi da alamomi 9 da ƙaramin da'ira da ke riƙe gurbin da babu komai. Ya nuna yadda ake tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa da fitar da saiwa ta wannan hanya. Ana yawan yaɗawa a shafukan sada zumunta cewa shi ya ƙirƙiro sifiri. Shi da kansa ga Indiyawa ya jingina tsarin, kuma sunan littafin ma haka ya nuna. Aikinsa shi ne ya bayyana shi dalla-dalla ga masu karatun Larabci.

Asalin Larabcin wannan littafi ya ɓata, sai fassararsa ta Latinanci ta ƙarni na 12 ta rage. A cikinta aka rubuta sunansa Algorizmi, daga nan Turawa suka riƙa kiran lissafi da lambobin Indiya algorism. Da tafiya ta yi tafiya kalmar ta koma nufin duk wata hanya mai matakai a jere da ake bi a kai ga amsa, irin wadda kwamfuta da wayar salula ke bi. Kalmar sifr ta Larabci kuwa ita ce sifirinmu, kuma ita ce ta haifi chiffre da zéro na Faransanci.

Taurari, da littafin da ya ambaci Gawo

A wurin mutanen zamaninsa Alhawarizmi masanin taurari ne kafin komai. Ya tsara jadawalin da ake kira Zijus Sindhind, wanda ya dogara da wani littafin Indiya da aka kawo fadar Mansur a shekarun 770, ya haɗa da abin da ya samu daga Farisawa da Batlamiyus na Iskandariya. Da jadawalin ana lissafa inda rana, wata da taurari masu tafiya za su kasance, da husufi, da yiwuwar ganin jinjirin wata. A cikinsa akwai jadawalin sinus. Wani malamin Andalus, Maslama Almajriɗi, ya gyara shi wajen shekarar 1000 don ya dace da birnin Ƙurɗuba, kuma wannan gyararren ne Adelard, mutumin Bath ta Ingila, ya fassara zuwa Latinanci a 1126.

Ya kuma rubuta Suratul Ardi, wato siffar ƙasa, inda ya jera wurare sama da 2,400, birane da duwatsu da tekuna da koguna, kowane da awonsa na tsaye da na kwance. Ya bi sawun Batlamiyus amma ya gyara masa kurakurai, ciki har da tsawon Bahar Rum da ya rage da kimanin daraja 10. A cikin garuruwan ƙasar baƙaƙe da ya lissafa akwai Gana da Kaukau, wato Gawo ta bakin kogin Isa, maƙwabciyarmu a Mali. Masana tarihi na ɗaukar wannan a matsayin ambato mafi daɗewa na Gawo a rubuce. Kofi ɗaya tak na littafin ya rage, an kwafe shi a 1037, yana ajiye a Strasbourg ta Faransa, kuma a cikinsa akwai taswirar kogin Nilu. Ban da waɗannan ya yi rubutu a kan usɗurlabi, na'urar auna tsayin taurari, da agogon rana, da kalandar Yahudawa, da wani littafin tarihi da marubutan baya suka ɗebo daga cikinsa.

Ƙarshen rayuwarsa

Ma'amun ya rasu a 833, kuma bayan ƴan shekaru halifa Mu'utasim ya mai da fada Samarra. Ɗabari ya kawo sunan Alhawarizmi a labarin rasuwar halifa Wasiƙ a 847, shekara ta 232 ta hijira. Da ciwo ya tsananta wa halifan, aka tara masu duba taurari, suka yi lissafinsu suka ba shi albishir na ƙarin shekaru 50. Bayan kwana 10 ya cika. Mutumin da ya iya cika murabba'i bai iya lissafin ajali ba, wannan kuwa sai Allah.

A wannan wurin ne aka ga laƙabin Almajusi a jikin sunansa, abin da ya sa wasu masana suka ce kakanninsa masu bin addinin Farisa na dā ne. Rushdi Rashid, masanin tarihin lissafi ɗan Masar da ke aiki a Faransa, na ganin mai kwafe ne ya tsallake harafin wawu, sunayen mutum biyu suka haɗe. Gabatarwar littafin aljabara dai da godiya ga Allah da salati ga Annabi ta fara. Alhawarizmi ya rasu wajen shekarar 850.

Yadda aikin ya tsallaka teku

Waɗanda suka biyo bayansa sun ɗora a kan abin da ya bari. Abu Kamil na Masar ya faɗaɗa aljabara zuwa lambobi masu wuyar saiwa, Alkaraji ya ƙara, Umar Hayyam ya kai ta ga matsalolin da ake ninka abu sau uku. Dukkansu sun riƙe misalin nan na 10 da 39.

A 1145 Robert na Chester ya fassara littafin zuwa Latinanci a Segobiya ta Sifen, Gerard na Kremona ma ya fassara shi a Toledo. Wani ɗan attajirin Pisa ta Italiya, Leonardo da ake kira Fibonacci, ya koyi lambobin Indiya yana yaro a Bijaya da ke Aljeriya ta yau, inda mahaifinsa ke aiki, ya kuma fitar da nasa littafin a 1202. Ta waɗannan hanyoyi ƴan kasuwar Turai suka bar lambobin Rumawa sannu a hankali. A Sifen ma kalmar algebrista ta daɗe tana nufin mai ɗorin karaya. Kofin Larabci da aka fi sani an kwafe shi a 1342, yana Oxford, kuma daga gare shi Frederic Rosen ya yi fassarar Ingilishi a 1831. Masu karatun Faransanci suna da bugun da Rushdi Rashid ya fitar a Paris a 2007.

Daga filin mita 39 zuwa antegiral

Fiye da shekaru 800 bayan rasuwarsa, Newton na Ingila da Leibniz na Jamus suka kafa lissafin da ɗaliban kimiyya ke haɗuwa da shi a ajin ƙarshe na lise da shekarar farko ta jami'a. Antegiral hanya ce ta auna fili mai lanƙwasasshiyar iyaka, ta yanka shi siriri siriri a tara. Alhawarizmi bai san wannan fanni ba, amma da tsohuwar zuma ake magani.

A ɗauki lambobinsa a juya su, a ba ɗalibi antegiral mai ɗauke da saiwar 39 − 10x − x². A haka ba ta da kan kamawa. Idan ya cika murabba'i sai ta koma saiwar 64 − (x + 5)². Yanzu siffar ta fito: alwatika ce mai kusurwa tsayayya, dogon gefenta 8, ɗaya gefen x + 5, saiwar da ake nema kuma ita ce gefe na uku. Sai ɗalibi ya sauya, ya ce x + 5 = 8 sin θ. Abin da ke ƙarƙashin saiwa ya zama 64 − 64 sin²θ, wato 64 cos²θ, saiwar ta fita a matsayin 8 cos θ, matsalar ta buɗe. Idan 1 bisa saiwar ake tarawa, sama da ƙasa za su soke juna, amsa ta zama kusurwar θ kanta, wato arcsin na (x + 5) bisa 8. Idan cika murabba'i ya ba da lamba a tare da murabba'i, da tangente ake sauyawa. Idan kuma murabba'i ne aka ɗebe wa lamba, sai a yi da 1 bisa cosinus. A duka ukun matakin farko ɗaya ne, a raba lambar da ke tare da x biyu a ninka ta da kanta.

Zanen wannan saiwa rabin da'ira ne mai nisan 8 daga cibiya zuwa baki, faɗinsa ya ɗan haura 100 da rabi. Yana taɓa layi a wuri biyu. Ɗaya 3 ne, amsar Alhawarizmi. Ɗayan −13 ne, amsar da lissafin zamaninsa bai ba ta gurbi ba, domin babu fili mai gefen da ke ƙasa da sifiri.

Ita kanta kalmar sinus ta ratsa ta hannun malaman Bagadaza. Indiyawa sun kira wannan awo jiba, wato tsirkiyar baka. Larabawa suka ari kalmar, kuma da yake ba a sa wasali a rubutu, aka riƙa karanta ta jaib, wato wuyan riga ko aljihu. Masu fassara zuwa Latinanci suka sa kalmarsu ta lanƙwasar riga, sinus. Daga wannan aljaib ɗin ne Hausa ta samu aljihu.

A 1983 tarayyar Sobiyet ta buga kan sarki na cikarsa shekaru 1,200 da haihuwa, akwai mutum-mutuminsa a birnin Hiba na Uzbekistan, an kuma sa wa wani rami a bayan wata sunansa. Mu a nan abin da ya fi kusa da mu shi ne zanen. Ba ya buƙatar kwamfuta ko littafi mai tsada, alli da allo sun isa, ko sanda da rairayin tsakar gida. Uba ko yaya da ke da ɗalibi a gida na iya zana masa filin nan da zirinsa biyu da kusurwar mita 25 kafin ya sake zama haddar delta, ya kuma gaya masa sunan wanda ya rubuta shi da dalilin da ya sa ya rubuta.